Tallan Zamani da Wadar Zuci

Talla ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun taso muna jin kiran mai fura da mai ƙosai a ƙofar gida. Mai jin yunwa ya kira ta, wanda ya ƙoshi ya bar ta ta wuce. Wancan talla yakan tarar da buƙata ne ya biya ta. Tallan zamani kuwa, sai ya haifar da buƙatar tukuna, sa'an nan ya miƙo maganinta. Abin tambaya a nan shi ne: shin abin da muke marmari namu ne, ko dasa mana shi aka yi?

Tarihi ya ba mu misali. A shekarar 1929, lokacin da shan taba a bainar jama'a yake abin kunya ga mata a Amurka, wani gwanin farfaganda mai suna Edward Bernays ya shirya wasu 'yan mata suka kunna sigarin Lucky Strike a jerin gwanon bikin Ista a birnin New York, aka kira abin alamar 'yanci. Kamfanin taba ne ya ɗauki nauyinsa. Ke nan ba taba aka tallata ba, 'yanci aka tallata, taba aka sayar.

Wannan dabara ba ta mutu ba. Kafofi irin su Facebook da Instagram kusan dukkan kuɗin shigarsu daga talla yake fitowa, saboda haka hankalinmu ne hajarsu. Ana ce wa kowannenmu ya fita daban, alhali kaya iri ɗaya ake sayar wa miliyoyi. Muna zaton mun zaɓa, ashe zaɓa mana aka yi.

Illar ba ta tsaya a aljihu ba, har ta taɓa zumunci. Mu dubi bukukuwanmu. Anko, wanda aka yi domin nuna haɗin kai, ya zama shingen da ke hana 'yar'uwa marar hali zuwa biki. Lefe ya koma gasa, har saurayi ya ci bashin da zai shiga da shi ɗakin aure. Zumuntar da aka ce a ƙafa take, mun mayar da ita cikin akwati.

Ba muna cewa ciniki laifi ba ne, ko jin daɗi haramun ne. Mai haja dole ya bayyana hajarsa. Abin gudu shi ne mu bari mai haja ya yanka mana ma'aunin darajar ɗan Adam, domin ribarsa tana cikin rashin ƙoshinmu. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Saboda haka, kafin mu kwance bakin aljihu, ya kamata mu tambayi kanmu: da babu mai ganinmu da wannan abu, za mu saye shi? Idan amsar a'a ce, to ba buƙata muke biya ba, idon mutane muke yi wa bauta.