Ilmin da aka saki, da sunan mai shi

Allon Arduino Uno bai cika tafin hannu ba. 'Yar ƙwaƙwalwar da ke kansa, ATmega328P, ma'ajiyarta kilobayit 32 ce kacal, hoto ɗaya na wayar salula ya fi ƙarfinta. Duk da haka da ita nake sa injin ruwan gidanmu ya mutu da kansa idan tanki ya cika. Abin da ya fi tsaya mini a rai game da allon nan shi ne hanyar da ya bi ya iso hannunmu. A 2005, a garin Ivrea na Italiya, Massimo Banzi da abokan aikinsa suka ƙera Arduino na farko don ɗaliban wata makaranta da ke garin, sannan suka saki zanensa: mai so ya kwafa, ya ƙera nasa, ya sayar. Shi ya sa ƙirar China ta cika kasuwa da araha.

Mu kuwa mun tashi inda sana'a asiri ce. Na san wani mai gyaran rediyo, gwani na gaske, wanda idan ya gano inda cutar take sai ya aiki yaron shagonsa sayo dalma. Kafin yaro ya dawo, rediyo tana magana. Ba na zarginsa, da wannan yake ci da iyali. Amma ya rasu, Allah ya jiƙansa, abin da ya sani kuma ya bi shi.

Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ya yi wa wanda aka tambaye shi ilmi ya ɓoye gargaɗi da linzamin wuta ranar ƙiyama. Malamai da yawa sun ce ilmin addini ake nufi, ban kuma ja da su ba. Sai dai Imam Gazali a cikin Ihya ya sa likitanci da lissafi da noma da saƙa cikin farillar da idan kowa ya bari, kowa ya yi laifi. To idan sana'a farilla ce a kan jama'a, wanda ya rufe ƙofarta har ta mutu a hannunsa fa? Ni a ganina yana da abin amsawa.

Sakin ilmi kuma rabin amana ne. Kafin Arduino akwai Wiring, aikin digiri na biyu na Hernando Barragán, ɗan ƙasar Kolombiya, wanda ya fara a 2003 a waccan makaranta, Banzi na cikin masu duba shi. A kan aikinsa aka ɗora Arduino, shi ma a kan Processing na Casey Reas da Ben Fry ya gina nasa. Sunan Arduino ya zaga duniya, na Barragán ya dushe, har a 2016 ya fito ya rubuta yadda abin ya faru ta ɓangarensa. Bai nemi a rufe ilmin ba. So yake a faɗi inda aka samo.

Wanda ya zauna a zauren karatu ya san wannan damuwar. Almajiri ba ya buɗe baki sai ya ce daga Malam wane na ji, shi kuma daga Malam wane. Isnadi yana tsare gaskiyar magana, yana kuma tsare mai maganar daga ɗaukar kansa mafarin abin da aka ba shi.

Umarnin da ke tafiyar da tankinmu wani ne ya rubuta tushensa ya bar shi a intanet. A samansa akwai layi biyu da allon ba ya karantawa ko kaɗan: sunan mutumin da shekarar da ya rubuta. Wani matashi da nake koya wa ya ce, "Malam, mu goge mana, ai ba ya aikin komai." Na ce masa ya bar shi, ya rubuta nasa sunan a ƙasa, tare da abin da ya gyara. Ya sauya tazarar da na'urar auna ruwa ke jira kafin ta kashe inji, daga santimita 10 zuwa 15, domin nasu tankin yana tumbatsa da wuri.