Hukuncin Gwada Kayan Abinci, Kwalliya da Wanki a Gida Don Ba Mutane Labarinsu

Tambaya:

Ni matar aure ce a Kano. Masu sana'a da 'yan kasuwa sukan aiko mini da kayansu kyauta, irin su yaji, garin kunu, man shafawa, sabulu, humra, turaren wuta da garin wanki, in gwada a gida, sannan in gaya wa mata a zaurukan WhatsApp da wuraren biki yadda na same su. Wasu kayan kawai suke bar mini, wasu har kuɗi suke ba ni. Wata ƙawata ta ce kuɗin haram ne, kuma Annabi (SAW) bai taɓa kushe abinci ba. Mene ne hukuncin aikin da kuɗin? Yaya zan yi da ɗanɗana abinci ina azumi, da kuma kayan da aka rubuta akwai alkohol a cikinsu?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, asalin wannan aiki halal ne. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce, abin amfani da mu'amalar ciniki duk halal ne sai wanda dalili ya hana. Kayan da aka ba ki kyauta sun zama naki. Kuɗin da aka biya ki ladan aiki ne, ya shiga babin ijara, sharaɗinsa a san aikin kuma a yanke ladan tun farko. Nan ba wata doguwar magana.

Nauyin yana kan abin da bakinki zai furta bayan gwajin. Matar da ta ji kin ce sabulun nan ya yi, ta cire kuɗi daga cefanen gidanta ta saya, ta yi haka ne saboda ta ɗauke ki shaida, wadda ta gani da idonta ta taɓa da hannunta. Shi ma ɗan kasuwan wannan amanar ce yake biya. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya wuce wani tsibin hatsi a kasuwa, ya cusa hannunsa a ciki, sai yatsunsa suka taɓo danshi. Mai hatsin ya kawo uzuri cewa ruwan sama ne ya doke shi. Annabi (SAW) bai karɓi uzurin ba, ya nuna masa cewa jiƙaƙƙen ya kamata ya ɗora a sama mutane su gani, sannan ya barranta daga mai algus. Lura da kyau, mutumin bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, ɓoyewa kawai ya yi. Haka nan Bukhari da Muslim sun ruwaito hani a kan najashu, wato mutum ya riƙa ɗaga farashin kaya alhali ba saye zai yi ba, don ya ruɗi na kusa da shi, kuma malamai sun shigar da yabon kaya da abin da ba shi da shi a cikin wannan hani.

Saboda haka, in kin shafa mai kwana uku, ba ki da damar cewa yana kawar da ƙuraje har abada. Kwana uku kika sani, kwana uku za ki faɗa. In tare da wani maganin kika yi amfani da shi, ki ambata. Hoton da aka gyara a waya fata ta yi sumul, aka ce aikin man ne, algus ne ƙarara. Kuma a fahimtata wajibi ne ki riƙa bayyana cewa kyauta aka ba ki kayan ko biyan ki aka yi, domin mai sauraro yana auna maganar wadda ta sayi abu da kuɗinta daban da ta wadda aka biya, kuma ɓoye masa wannan tauye masa ma'auni ne. Duk mai kayan da ya gindaya miki sharaɗin cewa yabo kawai za ki yi komai kika gani, sharaɗinsa ɓatacce ne, karɓar kuɗi a kansa bai halatta ba.

Hadisin da ƙawarki ta kawo ingantacce ne. Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in ya so ya ci, in bai so ba ya bari. Amma wannan ladabin zama ne a gaban akushi, don kada a raina ni'imar Allah ko a karya zuciyar wadda ta sha hayaƙi ta girka. Ba da shawara ga mai son saye babi ne daban. Lokacin da Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawarar Annabi (SAW) a kan Mu'awiya da Abu Jahmi da suka nemi aurenta, ya gaya mata matsalar kowannensu ba ɓoye-ɓoye, shi ya sa Imam Nawawi ya lissafa gargaɗi da nasiha cikin wuraren da ambaton aibi ba ya zama giba. Sai dai akwai iyaka mai kyau a ƙissar damon da aka kawo gabansa a ɗakin matarsa Maimunatu. Ya janye hannunsa, Khalid ɗan Walid ya tambaya ko haram ne, ya amsa cewa ba haram ba ne, ba abincin ƙasar mutanensa ba ne kawai, ransa bai karɓe shi ba, Khalid kuwa ya ci a gabansa. Ki bi wannan. "Yajin ya yi mini zafi" labarin harshenki ne, ki faɗe shi a matsayin haka. "Yajin akwai yashi a ciki" tuhuma ce, sai da tabbaci. Da yawa daga masu aiko miki da kaya mata ne masu daka a tsakar gida, wata marayu take ciyarwa da ƙullin yajin nan, kuma kalma ɗaya daga bakinki tana iya kashe mata kasuwa. Kafin ki ce garin kununta ya yi tsami, ki duba ko ke kika bar robar a buɗe da damina. In aibin ƙarami ne, ki gaya mata tsakaninki da ita, ki dakatar da tallan har ta gyara. In kuwa abu ne mai cutar da lafiya, shiru ya haramta: ki gargaɗi mutane, ki kai rahoto ga hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da abinci, magunguna da kayan kwalliya.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, kuma ya fi damuna: a jikin wa ake gwajin? Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa hadisin da ya hana cuta da cutarwa, kuma a kansa malamai suka gina ƙa'idar kawar da cuta. Ke baliga ce, kina iya ɗaukar ɗan ƙaramin haɗari a fatarki bisa sani. Jaririnki, da 'yar aikinki, da almajirin da ke karɓar abinci a ƙofar gida, ba su da wannan zaɓi, kuma amana ne a wuyanki. Bai halatta a shafa wa yarinyar gida wani haɗi a ga yadda zai yi mata kafin uwar ɗaki ta shafa ba, ko a ba almajiri abincin gwangwanin da wa'adinsa ya wuce a ga ko zai ɓata masa ciki.

Man bilicin kuwa, kada ki gwada, kada ki tallata. Sauya launin fatar da Allah ya halicce ki da ita don ƙawa ya shiga abin da aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta zarga, ga kuma cuta tabbatacciya. Irin waɗannan mayuka sukan ƙunshi zaiba, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin tana lalata ƙoda, ko haidrokwinon, ko sitiroyid mai sa fata ta yi siriri ta tsattsage. Maganin tabo ko ƙyasbi da likita ya rubuta hukuncinsa daban, magani ne. Haɗin da aka zuba a robar da ba suna, ba jerin sinadarai, ba lambar rajista, ba ranar lalacewa, ba ki san me ke ciki ba, don haka ba ki da abin da za ki yi wa shaida. Ko kwalli ma a yi hattara. Sunna ta yabi kwallin ismidi, amma da yawa daga kwallin dutse na kasuwa dalma ce a cikinsa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da aka samu dalma a jininsa, aka gano daga kwallin da aka kai daga Najeriya ne, wanda sama da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Mu da muka ga yara kimanin 400 sun rasu a Zamfara a 2010 sakamakon gubar dalmar haƙar zinare, ba ma buƙatar a gaya mana illarta. Rinin gashi da baƙin lallen da ake haɗawa da shi, ki ɗiga kaɗan a bayan kunne ki jira awa 48 kafin ki yi amfani da shi sosai. A kayan wanki kuma, kada ki taɓa gauraya ruwan bilic da sinadarin wanke masai mai asid, iskar da ke tashi guba ce, tana iya shaƙe mutum a rufaffen banɗaki.

Game da alkohol, abin sha ko abincin da aka zuba wa giya haram ne, ko ɗanɗanawa ba a yi. Na cikin turare da man shafawa akwai saɓani. Jumhur, har da mashhurin mazhabar Malikiyya, suna ganin giya najasa ce. Rabi'atu, malamin Imam Malik, da Laisu ɗan Sa'ad da Muzani suna ganin haramcinta a sha ne, jikinta ba najasa ba ne, kuma taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 ya tafi a kan tsarkin alkohol da halaccin turaren da ke ɗauke da shi. Wannan na fi karkata gare shi, wanda kuma ya guje masa a tufafin salla ya fita daga saɓani. Setil alkohol da ake gani a rubuce a jikin robar mai wani abu ne mai kama da kakin zuma, ba ya sa maye. Jelatin na cikin alewa mai danƙo, in na alade ne, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta hana cinsa a zamanta na Amman a 1986, ko da yake wasu sun sauƙaƙa bisa hujjar cewa ya rikiɗe. Ke da mutane ke bin maganarki, ki tsaya kan wanda aka bayyana na kifi ne, ko na tsiro, ko na dabbar da aka yanka.

A alwala, abin lura shi ne duk abin da ke hana ruwa isa fata. Jan farce, da hodar da ruwa ba ya ratsa ta, da man da ya daskare a kan fata, dole a kawar da su, musamman da yake cuɗawa farilla ce a Malikiyya. Lalle bayan an wanke shi launi ne kawai, ba ya hana komai. Ki ajiye gwajin jan farce sai kwanakin da ba kya salla.

Ɗanɗana abinci ga mai azumi makaruhi ne a Malikiyya ko da za a tofar, kamar yadda yake a Muhtasar na Halilu. In wani abu ya wuce maƙogwaro ba da nufi ba, sai ramuwa. In da gangan ne a Ramadan, ramuwa da kaffara. An samo sauƙi daga Ibn Abbas ga mai buƙatar ɗanɗana tukunya, amma gwajin talla ba buƙata ba ce, yana iya jira a sha ruwa. Sansana turare ba ya karya azumi, amma shaƙar hayaƙin turaren wuta da gangan har ya kai maƙogwaro yana wajabta ramuwa a mazhabarmu, haka ma kwallin da aka sa da rana aka ji ɗanɗanonsa a maƙogwaro. Game da sutura kuwa, in nuna kayan zai kai ga bayyana gashi ko jiki a bidiyon da maza za su gani, ki nuna kayan, ki bar jikin.

Ki ci gaba da aikinki bisa waɗannan sharuɗɗa, kayan da kuɗin halal ne gare ki. In a baya kin taɓa yabon abin da kika san ba haka yake ba, ki tuba, ki koma wa matan da suka ji ki ki gyara maganar, kuɗin da kika karɓa a kan wannan yabon kuma ki fitar da shi sadaka.

Allah ne mafi sani.