DUNIYA KO LAHIRA: WACCE ZA KA YI WA AIKI?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halicci mutuwa da rayuwa domin Ya jarraba bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana matashi, akwai kira biyu da suke jan ka a wannan zamani. Ɗaya yana ce maka: "Kai, rai fa guda ne, ci naka tun da sauran haƙora, in ka tsufa ka tuba." Ɗayan kuma yana ce maka: "Duniya mushe ce, me za ka yi da karatu ko sana'a? Zauna a masallaci, Allah Shi ne Mai bayarwa." Ka sani, dukkan su biyun sun kauce wa Sunna. Bari mu auna su a ma'aunin Alƙur'ani da Hadisi.

MASU CEWA A CI DUNIYA

Tirmizi ya ruwaito cewa shekarun mafi yawan wannan al'umma tsakanin 60 ne zuwa 70. To, a ce an ba ka 70 ɗin cif. In kana barcin awa 8 kullum, shekara 23 da 'yan kai sun tafi a kan katifa. Cire shekarun ƙuruciya, cire na tsufa da ciwo. Nawa ya rage? Ga shi kuma Suratul Ma'arij, aya ta 4, ta ambaci yini guda mai tsawon shekara 50,000. Wane ɗan kasuwa ne mai hankali zai sayar da wancan saboda wannan?

Dubi Ƙaruna, wanda labarinsa ya zo a Suratul Ƙasas, daga aya ta 76. Mabuɗan taskokinsa kawai sukan yi wa jama'a majiya ƙarfi nauyi. Mutanensa suka yi masa nasiha, ya ce da iliminsa ya samu. Ƙarshe ƙasa ta haɗiye shi da gidansa, waɗanda jiya suke fatan a ba su irin nasa suka wayi gari suna godiya da ba a ba su ba.

Kada ka ce wannan labarin da ne. A shekarar 2016 mutane da yawa a Nijeriya suka zuba kuɗinsu a MMM, aka yi musu alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata guda, ba saye ba sayarwa. A watan Disamba na shekarar aka rufe asusun, kuɗi suka maƙale. Me ya kai su? Son a samu yau-yau, ba tare da tambayar halas ne ko haram ba. Haka nan cacar ƙwallo da samari ke bugawa a waya. Sauya mata suna bai fitar da ita daga aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Shi kuwa mai cewa sai ya tsufa zai tuba, wa ya ba shi takardar tsufa? Je ka maƙabartar garinku ka ƙirga kaburburan sa'o'inka.

MASU CEWA A GUJI DUNIYA

Waɗannan maganarsu ta fi daɗin ji, don ta yi kama da tsoron Allah. Amma Buhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya ziyarci Abud Darda'i, ya tarar da matarsa cikin tsummoki. Ya tambaye ta dalili, ta gaya masa ɗan'uwansa ba ya da buƙatar duniya. Da aka kawo abinci Salmanu ya ƙi ci sai Abud Darda'i ya karya azuminsa na nafila. Da dare ya hana shi tashi sai a ƙarshen dare, sannan ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, jikinsa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da haƙƙi. Da maganar ta je wa Annabi (S.A.W.), sai ya gaskata Salmanu.

Ka dubi kuma Abdurrahman ɗan Aufu. Ya yi hijira zuwa Madina hannu rabbana. Sa'adu ɗan Rabi'u ya ce zai raba dukiyarsa biyu ya ba shi rabi. Sai ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Da cuku da man shanu ya fara, har ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran sahabbai, kuma yana cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna. Sayyidina Usmanu da kuɗinsa ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi, ya kuma shirya rundunar Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira. Da ya zauna ya naɗe hannu, da me zai yi wannan?

Ƙirƙirar zuhudun da Allah bai saukar ba bidi'a ce, kuma mun ga inda take kai mutane. Muhammadu Marwa Maitatsine ya haramta wa mabiyansa agogo da keke da rediyo, abin ya ƙare da zubar da jinin dubban mutane a Kano a Disamba 1980. Daga 2009 kuma aka ga abin da masu haramta boko suka jawo wa Borno da Yobe. Addinin da aka gina a kan jahilci ba ya gyara duniya, balle lahira.

TO, INA MAFITA?

Wasu sukan kawo maganar nan ta a yi wa duniya aiki kamar ba za a mutu ba, a yi wa lahira kamar gobe za a mutu, su ce hadisi ne. Malaman hadisi, cikinsu har da Shaihu Albani, sun bayyana cewa ba ta inganta daga Annabi (S.A.W.) ba. Abin da ya tabbata ya ishe mu.

Karanta aya ta 9 da ta 10 na Suratul Jumu'a. An umurce mu in an yi kiran sallar Juma'a mu bar ciniki. In an idar kuma mu watsu mu nemi falalar Allah. Ka ga tsarin ke nan: kasuwa tana nan, masallaci yana nan, amma in sun yi karo, kasuwa ce ke jira. Lahira ita ce inda za ka. Duniya kuwa guzurinka ne da abin hawanka. Matafiyin da ya ƙi kula da jakinsa a hanya zai kwana, haka ma wanda ya tsaya yi wa jakin ado har ayari ya wuce.

Saboda haka ka riƙe abu huɗu. Na farko, gyara niyya: in ka fita da safe don ka ciyar da iyayenka, ka kare kanka daga roƙo, ka yi aure ka tsare mutuncinka, fitar nan ibada ce. Na biyu, ka san hukuncin sana'arka kafin ka shige ta. Ka guji riba, da cin hanci, da tauye mudu, da satar jarrabawa. Na uku, salloli biyar a kan lokaci. Gaba ɗayansu da ƙyar su cinye maka awa ɗaya cikin 24. Na huɗu, ka ware wani abu daga abin da ka samu, ko kaɗan ne, ka tura shi gaba ta hanyar sadaka, in ya kai nisabi ka fitar da zakka.

Ya ɗan'uwa, Tirmizi ya ruwaito cewa ranar ƙiyama ƙafar bawa ba za ta gusa ba sai an tambaye shi rayuwarsa, da samartakarsa, da dukiyarsa ta ina ya samo ta, a ina ya kashe ta, da kuma abin da ya aikata da iliminsa. Lura, duk tambayoyin nan a kan duniya suke. A aji da gona da gareji da shago ake rubuta amsarsu, kuma yau ake rubutawa. In akwai wata hanyar kuɗi a hannunka wadda ka san ba za ka iya kare ta a gaban Allah ba, sake ta tun kafin ka kwanta daren nan.

Allah Ya ba mu kyakkyawa a duniya da lahira, Ya sa dukiya a hannunmu, kada Ya sa ta a zukatanmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.