Shaidar Sinima a kan Samari

Akwai tambaya guda wadda ya kamata iyaye da dattawa mu yi wa kanmu. Sa'ad da muka ce yaran zamani sun lalace, da idonmu muka gani, ko kuwa sinima ce ta gaya mana?

A shekara ta 1955 aka fito da wasannin sinima biyu a Amurka waɗanda suka yi suna ƙwarai. Na fari, Blackboard Jungle, ya nuna makaranta inda 'yan makaranta ke dūkan malamansu, har wani ya zare wuƙa a cikin aji. Na biyu, Rebel Without a Cause, ya nuna saurayi mai fushi da iyayensa, da samari masu tseren mota zuwa bakin rami. Mutane da yawa suka kalla, suka ce, ashe haka 'ya'yanmu suke.

Amma mu lura da abu biyu. Na ɗaya, da yawa daga cikin waɗannan yara na cikin wasa ba yara ba ne. James Dean yana da shekara 24 sa'ad da ya fito kamar ɗan makaranta, Sidney Poitier kuwa ya kai 28 a shekarar da aka nuna nasa wasan. A cikin Grease, na 1978, mace mai shekara 33 ce ta yi 'yar makaranta. Manya suka rubuta, manya suka yi wasan, aka sa wa yara sunan. Na biyu, mai sinima ɗan kasuwa ne. Yarinyar da ta ɗebo ruwa, ta yi karatunta, ta kwanta, ba wanda zai biya kuɗi ya kalle ta. Saboda haka akan bar dubu masu hankali, a nuna mai wuƙa ɗaya. Wake ɗaya ya ɓata gari ke nan.

Wani zai ce, ai akwai 'yan iska cikin samari, sinima ba ta yi ƙarya ba. Hakika akwai su. Amma wanda ya faɗi laifin mutum ɗaya kamar na dukan tsararsa ne, ya yi shaidar zur, ko da kowace kalma tasa gaskiya ce. Mu kuma da muka karɓa ba bincike, muna da rabo cikin alhakin.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba, gama Hausawa sun ce suna linzami. A 1956, a Landan, waɗansu samari suka yayyaga kujerun gidan sinima. Yaron da ya ga manya sun riga sun yanke masa shari'a, yakan ce, to, bari in zama abin da suke faɗi.

Me za mu yi? Hana kallo kaɗai ba ya warkar da wannan ciwo. Sai mu zauna da 'ya'yanmu, mu tambaye su, wa ya shirya wannan wasa, me ya bari bai nuna ba? In za mu yi maganar wani saurayi kuma, mu yi ta bisa ga abin da muka sani na halinsa shi kansa. Yaron da ke cikin gidanmu ya cancanci mu san shi kafin mu hukunta shi.