Sharaɗin mai ba da tallafi da niyyar mai neman ilimi

Malamin da ke koyar da addini a Kwalejin Ilimi ta Akwanga, ko a jami'ar jiha da ke Keffi, ko a Jami'ar Tarayya ta Lafiya, in ya tashi ƙaro digiri na biyu ko na uku, galibi TETFund yake dosa, asusun da dokar 2011 ta kafa, ake tara masa kuɗi daga harajin ribar kamfanoni. Ba a damƙa masa kuɗin haka kawai. Sai ya sa hannu cewa zai gama cikin wa'adi, zai riƙa turo rahoton inda aikinsa ya kai, ba zai sauya makaranta ko fanni ba sai da izini, kuma zai dawo ya koyar. Haka faston da ikilisiyarsa ta tura kwalejin tauhidi ta TCNN a Bukuru yake sane da cewa ana jiran dawowarsa. Wasu na ganin waɗannan sharuɗɗa ƙasƙanci ne ga ilimin da ake nema don Allah. Ni ina ganin amana ce, kuma kiyaye su yana cikin addinin da ake karantawa.

Kuɗin tallafi ba na mai rabawa ba ne, ba kuma na mai karɓa ba. Dukiyar jama'a ce, ko zakka, ko baikon masu ibada, kuma duk gurbin da mutum ɗaya ya samu, wani aka hana. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika alkawura, malaman fiƙihu kuma sun daɗe da tabbatar da cewa sharaɗin mai waƙafi wajibi ne a bi shi matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Makarantar Nizamiyya da aka buɗe a Bagadaza a 1067, inda Imam Gazali ya koyar daga 1091, da waƙafi ta rayu, da sharuɗɗansa a rubuce. Aya ta 122 a Suratut Tauba ma, da ta ware wasu don zurfafa sanin addini, ta haɗa hakan da komawa su yi wa mutanensu gargaɗi. Saboda haka wanda ya ci kuɗin, ya ƙi dawowa, ba dokar ofis kaɗai ya karya ba. TETFund ta dakatar da tura malamai ƙasashen waje daga Janairun 2025, kuma cikin dalilanta, ban da tsadar canji, har da masu tafiya su maƙale. Laifin nasu ya shafi na baya.

Za a ce karatun zaure bai san wa'adi ba: ɗalibi kan shekara da shekaru a kan Muhtasar, ba mai ƙirga masa. Gaskiya ne, amma zaure ma yana da ma'auninsa. Ba a barin yaro ya bar Ahalari ya shiga Ishmawi, ko ya tsallaka daga Iziyya zuwa Risala, sai ya biya a gaban malam an ji bakinsa ya faɗa. Kuma babban ɗalibin zaure da ɗinkin hula ko kasuwanci yake ci da kansa, ba wanda ke layi a bayansa yana jiran guzurinsa. Za a kuma ce maki ba ya auna tsoron Allah. Ai ba wanda ya ce yana aunawa. Niyya tsakanin bawa da Ubangijinsa take. Abin da mai tallafi ke tambaya shi ne ko an rubuta babi na uku, kuma yana da haƙƙin tambayar. Mai ikhlasi na gaske ba ya jin nauyin a duba aikinsa.

Inda nake ja da masu ba da tallafi wuri biyu ne. Na farko, suna iya ɗaure lokacin ɗalibi da fanninsa, amma ba su da ikon ɗaure abin da bincikensa zai gano. Nizamiyya ta keɓe kujerunta ga Shafi'awa, kuma wannan a fili yake tun farko, mai shiga ya san abin da ya shiga. Abin ƙi shi ne ƙungiya ko attajiri su tsayar da kuɗi a tsakiyar karatu don hujja ta kai ɗalibi ga ra'ayin da bai yi musu daɗi ba. Wannan sayen fatawa ne. Na biyu, alkawari ɓangare biyu yake hawa. Yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, faɗuwar naira bayan Yunin 2023 kuma ta zaftare guzurin waɗanda ke waje. Wanda ya makara don jami'a na rufe, ko don kuɗin sun zo a makare, ko don jinya, ba daidai yake da malalaci ba. Ya kamata kowace takardar alkawari ta faɗi yadda za a saurari uzuri kafin a yanke tallafi, da wanda zai saurara, da ranar da kuɗin kowane zango zai shiga hannun ɗalibi.