Haƙorin da ya fita, mushe ne ko mai rai?

Yaro in ya yi famfara a ƙasar Hausa, sai ya jefa haƙorin bisa rufin ɗaki, ya kama baki kada ƙadangare ya ga giɓin. Ba wanda ke sake waiwayar haƙorin. Amma wani likitan haƙori a Amurka, Songtao Shi, da haƙorin 'yarsa mai shekara shida ya fita, ɗauka ya yi ya duba, sai ya hango ɗan jan nama a ciki. Daga nan bincike ya tashi. A 2003 shi da abokan aikinsa suka bayyana cewa cikin haƙoran famfara akwai ƙwayoyin asali, wato ƙwayoyin halittar da ba su riga sun zaɓi sana'a ba, ana iya karkata su su zama ƙashi ko guringuntsi. Shekara uku kafin nan an sami irinsu a haƙoran manya.

Tun a 1967 ma wani mai bincike, Marshall Urist, ya nuna cewa farin naman haƙori, in an cire masa sinadarin da ke taurara shi aka dasa a jikin zomo, yana sa sabon ƙashi ya tsiro. Yau a Koriya ta Kudu da Japan ana niƙa haƙorin da aka cire wa mutum, a tsabtace garin, a cike masa ramin muƙamuƙi da shi. Maganar guringuntsi dai har yanzu yawancinta a ɗakin gwaji da jikin dabbobi take.

Malaman fiƙihu sun daɗe a kan wannan gaɓa, tun ba a ƙera madubin likita ba. Tambayarsu ita ce: shin rai yana shiga ƙashi da haƙori? Malikawa suka ce yana shiga, hujjarsu kuwa ayar ƙarshen Yasin da ta yi maganar rayar da ƙasusuwa, don haka ƙashin mushe da haƙorinsa najasa ne. Hanafawa suka ce abin da ba jini mai gudana a cikinsa mutuwa ba ta ƙazantar da shi. Mai gaggawa zai ce binciken Songtao Shi ya ba Malikawa gaskiya. Ba haka kai tsaye ba. Irin ran da malamai ke nufi shi ne ji da motsi, ba ƙwayar da ke hayayyafa a cikin faranti ba. Sai dai abin ya bar wata tambaya da littattafan ba su tanada ba: abin da ya rabu da mai shi, amma bai mutu ba, wane suna za a ba shi?

Haƙorin mutum a mayar masa jikinsa, wannan mai sauƙi ne. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta, a 2003, amfani da ƙwayoyin asali daga baligi da yardarsa, ko daga yaro da izinin waliyyinsa, muddin ba cutarwa.

Inda gizo ke saƙa shi ne Emdogain, wani magani mai kauri da aka ƙirƙiro a Suwidin, ana shafa shi a saiwar haƙori don ƙashin da ciwon dasashi ya cinye ya dawo. Daga haƙoran 'ya'yan alade da ba su ɓullo ba ake tatso furotin ɗinsa. Wasu kan kawo hujjar rikiɗa, kamar yadda giya kan zama khal, suna jingina da wani taro da aka yi a Kuwait a 1995, wanda ya halatta jelatin ɗin alade. Hujjar ta yi rauni a nan, domin maganin yana aiki ne don furotin ɗin bai rikiɗa ba, jikin mutum yana gane shi yadda yake. Ƙofar larura ta fi dacewa, irin wadda aka buɗe wa Arfaja ɗan As'ad, sahabin da hancin azurfarsa ya yi wari, Annabi (SAW) ya yi masa izinin na zinari.

Larura kuwa tana faɗuwa in akwai madadi, kuma sau da yawa akwai: garin ƙashin saniya, ko na haɗin masana'anta, wani lokaci ma haƙorin majinyacin kansa. Wannan hukunci ba ya yiwuwa sai likita ya buɗe baki ya faɗi abin da ke cikin sirinjin tun kafin mutum ya kwanta a kujera.