Ranar da Manya Suka Caɓa Ado Suka Hau Keke

Ranar 24 ga Janairun 2009, hunturu na tsakiyar cinsa, mutane fiye da ɗari suka fito kan titunan Landan a kan kekuna, kuma babu ko ɗaya da ya sa rigar tsere. Maza sun sha kwat da falmaran na wani yadin ulu mai kauri da ake kira tweed, da wando mai tsayawa ƙasan gwiwa kaɗan, da doguwar safa da hula mai faɗi. Wasu sun murɗe gashin baki har ya yi tsini. Mata sun fito da shigar da kakanninsu ke yi wajen 1920 zuwa 1930. Wani mai suna Ted Young-Ing na cikin waɗanda suka haɗa taron, aka sa wa taron suna Tweed Run. Ba a neman wanda zai riga kowa isa. A hankali ake tafiya, a tsaya a sha shayi a hanya, daga ƙarshe a ba da kyauta ga wanda ya fi iya ado da wanda ya fi kyan gashin baki. Kafin a ce me, New York da Tokyo da wasu birane da dama sun kwaikwaya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tufafin nan ba a ranar aka ƙirƙiro su ba. Suna nan tuntuni a cikin akwatunan iyaye da shagunan gwanjo, asu na cin su. Kekunan ma suna jingine a bayan gida sun yi tsatsa. Abokan yi kawai aka rasa. Da mutum ɗaya zai sa wannan shiga ya ratsa gari da safiyar Asabar, sai a bi shi da kallo ana tunanin ko lafiya. Da suka yi yawa, sai masu kallon suka koma ɗaga hannu suna murmushi, suna ɗaukar hoto. Tufafin dai su ne, mutanen ma su ne. Yawan ne ya cire kunyar.

Yaro ba ya neman dalili kafin ya yi kwalliya. Zai zura ƙafa a takalmin babansa, ya yafa mayafin uwarsa, ya fito tsakar gida yana taƙama. Da girma ya zo sai mutum ya fara tambayar kansa me za a ce, sai ya koma sa abin da ba zai jawo ido ba. Haka sha'awar take kwanciya, har mutum ya ɗauka ta mutu. Ba ta mutu ba. Ma'aikacin banki ko malamin makaranta da ya yi mako biyu yana yawo shagunan gwanjo don neman hular da za ta dace da kwat ɗinsa, wannan yaron ne ya farka a cikinsa, kuma ban ga abin raini a ciki ba. Mu da muka san hawan Sallah mun san wannan farin ciki: mahayi ya kwana yana gyaran rawani da kayan doki, ba don zai fi kowa gudu ba, don gari ya fito ya gani ya ji daɗi.

Akwai kuma abin da tufa ke yi wa tafiya. A wasu biranen Turai hawan keke ya daɗe da zama harkar sauri: matsattsiyar riga mai ƙyalli, kai a sunkuye, ido a kan agogo. Mai kwat ɗin ulu ba zai iya haka ba, don idan ya matsa feda zufa ce za ta jiƙe shi sharkaf. Dole ya sassauta. Yawancin masu wannan hawa kuma tsofaffin kekuna suke hawa, masu kwando da ƙararrawa da sirdin fata, irin su Raleigh na garin Nottingham da iyayenmu suka yi yayi, waɗanda ake zama a kansu a miƙe. Wanda ya zauna a miƙe yana tafiya a hankali, fuskarsa a buɗe take. Yana ganin na gefensa, na gefensa na ganinsa. A garin da mutane ke cika jirgin ƙarƙashin ƙasa babu mai ce wa wani uffan, sai ga baƙo na tambayar baƙo inda ya samo falmaran ɗinsa, hira ta ɓarke har wurin shan shayi. A Italiya ma akwai irin wannan, L'Eroica, da aka fara a 1997 a yankin Chianti, inda ake hawa tsofaffin kekuna da rigunan ulu a kan hanyoyin burji, sai dai nasu ya fi wahala, don hawa da gangara ne masu nisa.

Akwai masu sukar abin, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Suna cewa wannan shiga ta masu gona da farauta ce, manyan Ingila na zamanin da ƙasarsu ke mulkar kusan rubu'in duniya, mu ma har da mu. Me ya sa za a yi begen wannan zamani? Tambaya ce mai nauyi, kuma duk wanda ya sa kayan ya kamata ya san ta. Amma yadin ba na masu sarauta kaɗai ba ne. Mafi shahararsa, Harris Tweed, dokar majalisar Birtaniya ta 1993 ta ce ba zai amsa wannan suna ba sai in mazauna tsibiran Outer Hebrides na Sikotland ne suka saƙa shi da hannu a gidajensu. Masaƙa ne talakawa masu taka feda kamar mai keke, kuma ulu mai kauri shi makiyayi da masunci suka sa don sanyi tun kafin masu kuɗi su yi sha'awarsa.

Wandon da matan ke sawa a wannan hawa ma yana da nasa tarihin. Bayan da John Kemp Starley ya fito da keke mai tayoyi biyu masu kusan girma ɗaya a 1885, mata suka shiga hawa, dogon siket kuma ya riƙa shiga kaca yana kayar da su. Wasu suka koma sa wando mai faɗi, aka yi musu ca. A 1898 wata mai suna Lady Harberton ta tsaya cin abinci a wani otal a ƙauyen Ockham, mai otal ɗin ta hana ta zama a ɗakin baƙi saboda wandon da ke jikinta, ta ce sai dai ta zauna a ɓangaren mashaya. Wata ƙungiyar masu keke ta kai ƙara, a 1899 kotu ta wanke mai otal. Yau matan Landan na sa irin wandon nan don nishaɗi, su ratsa gari da rana tsaka, har a ba ɗayarsu kyautar wadda ta fi kowa iya ado.